Manhajar da ta yi kama da lungunan Birni

Wata Alhamis, ranar da Kasuwar Dole ta Damagaram ke cika ta batse, na je rumfar wani Alhaji mai sayar da hatsi don in karɓi kuɗin wata na manhajar lissafi da na yi masa. Ina zaune a benci sai ga wani ya zo rage bashi. Alhaji ya ɗauki waya, ya danna nan ya danna can, ya yi tsaki, ya aza ta bisa buhu, ya jawo tsohon littafinsa daga ƙarƙashin tabarma. Kafin ka ce kwabo ya samo sunan mutumin. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da mutumin ya tafi na ce, "Alhaji, ai bashin yana cikin wayar, me ya hana ku duba can?"

Ya ce, "Ɗana, abinka yana da kyau, amma kamar lungunan Birni yake. Wanda ba a nan aka haife shi ba sai da ɗan rakiya."

Gaskiyarsa. Na tsara manhajar ne yadda bayanai ke jere a rumbun kwamfuta, ko sau ɗaya ban tambayi yadda suke jere a kan ɗan kasuwa ba. A saman allo, can kusurwar hagu, akwai ƴan layukan nan uku. In ka taɓa su sai ƙofofi 14 su zubo, duk da Faransanci, kowace ƙofa da ƴaƴanta. Kafin ka rubuta cewa wane ya biya jaka biyu sai ka yi danni shida. Fuskar farko kuwa, wadda na fi alfahari da ita, cike take da zane: da'ira mai launi biyar, ga layi yana hawa yana sauka yana nuna cinikin wata-wata. Abokaina masu aikin kwamfuta sun yaba ƙwarai. Amma ba ko ɗayansu da ya taɓa auna tiya guda ta gero.

Na ajiye rubuta manhaja na mako biyu, na koma zaman rumfa. Wani masanin wannan fanni, Jakob Nielsen, ya rubuta tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar ya isa ya tona maka yawancin matsalolin amfani, na ce to bari in gani. Na zana sabuwar fuskar a takarda da biro, na nemi mutum biyar: masu hatsi biyu, mai butiki a Sabon Gari, wata Hajiya da ke sayar da atamfa a gida, da yaron shagon Alhaji. Sai in miƙa takardar in ce, "Wani ya kawo dala ɗari biyar cikin bashinsa, ina za ku taɓa?" in ja bakina in yi shiru. Shirun nan ya fi komai wuya. Mutum na lalube, yatsanka na ƙaiƙayi ka nuna masa, alhali da zarar ka nuna gwajin ya lalace.

Abin da ya fito fili shi ne, tambaya uku ɗan kasuwa ke buɗe waya dominsu: nawa ya shigo yau, nawa nake bi, me ya rage a sito. Ba wanda ya nemi kwatancen watan jiya da na shekaranjiya. Zanena duka na kwashe su na kai can ciki, ga mai so.

Sai maganar kuɗi, wadda har yanzu nake mamakin yadda ta wuce ni, ni da aka haifa a Damagaram. A baki da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya sefa 1000. Allon yana rubuta 500, yaron shago yana karanta dala ɗari biyar, wato sefa 2500, alhali dala ɗari ake nufi. In kuma ya zo shigarwa, wani lokaci ya sa adadin dala, wani lokaci na sefa, gwargwadon yadda mai saye ya faɗa. Watanni ina zargin lissafina da kuskure, ashe a nan gizo ke saƙa. Yanzu duk inda adadi ya fito, akwai ƙaramin layi a ƙasansa: 12 500 a sama, "jaka 12 da dala 100" a ƙasa. Wajen shigarwa ma gurbi biyu ne, na jaka da na dala. Haka na yi wa awo. Kilo 730 ba ya gaya wa mai hatsi komai, amma ka ce buhu 7 da tiya 12, nan take ya san ko zai yi odar kaya. Masu hulɗa da Kano da ƴan wajen Magarya na ƙara musu gurbin naira, su sa canjin ranar da hannunsu kowace safiya.

Ƙofofi 14 suka koma 4, na sauko da su ƙasan allo inda babban yatsa ke kaiwa, tunda ɗaya hannun yana riƙe da kuɗi ko bakin buhu: Ciniki, Bashi, Kaya, Sauran. Jagorar zane ta Google ma uku zuwa biyar ta ce a sa a wannan wuri, kuma WhatsApp ya maido nasa ƙasa a wayoyin Android a 2024, don haka hannun mutane ya riga ya saba. Alamar bashi da farko tarin sulalla na zana, kowa ya ɗauka ciniki ne. Da na mayar da ita hoton littafi, ba wanda ya sake ɓata. Na ƙara girman maɓallai, na cire rubutu mai ruwan toka da ke ɓacewa a hasken ranar Afrilu bisa allon ƙaramar Itel. Fuskar farko kuma ta daina jiran rezo: daga cikin wayar take ɗauko lissafi, ta rubuta ƙarfe nawa ta yi magana da intanet na ƙarshe.

Na yi kuskure biyu, kuma duka biyun bayan na ɗauka na gama.

Na farko, na tura sabon tsarin ga kowa a dare ɗaya. Washegari tun kafin hantsi wayata ta cika da saƙon murya. Ashe da yawa cikin yaran shago ba karanta ƙofofin suke ba, wurinsu suka haddace: ta uku daga sama, sai ta biyu. Tsohon tsarin da na raina, su sun sha wuya sun koye shi, ni kuma na kwashe musu hanya ba sallama. Dole na maido tsohon na wata guda ga mai so, na yi ɗan bidiyo da Hausa na minti ɗaya na yaɗa, na bi rumfa-rumfa a kabu-kabu.

Na biyu ya fi ciwo. Don sauƙi, na jera sunayen manyan masu bashi uku a fuskar farko. Wata rana Alhaji ya buɗe waya a gaban mutane, wani da ke tsaye a kansa ya hango sunan wani dattijo mai mutunci a unguwa, da adadin da ake binsa. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, wanda ya zo ya ci bashin hatsi, asirinsa ya kawo mini ajiya. Kai kuma ka rataye shi a bakin ƙofa." A daren na cire sunayen. Jimillar bashin ma ɗige-ɗige take nunawa yanzu, sai mai waya ya taɓa alamar ido.

Makon jiya na sake bi ta rumfar. Wani ya kawo biya, Alhaji ya taɓa Bashi, ya taɓa sunan, ya sa adadin, ya ci gaba da hirarsa. Amma na hango gefen littafin yana nan ƙarƙashin tabarma, na ce, "Alhaji, har yanzu ba ku sallame shi ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Wannan na surukai ne da ƴan uwa. Su ba a sa su a waya."