Lahadi, York

Ban yi barcin kirki ba, kuma katifar ba ta da laifi.

Jiya da la'asar muka sauka daga jirgin ƙasa, awa biyu daga tashar King's Cross ta Landan, Maigida na jan akwati yana mita wai me ya hana mu kama otal irin na mutane. Ni ce na kafe sai irin gidajen nan da mai su ke ba ka ɗaki ka kwana, da safe ta haɗa maka karin kumallo da hannunta. Namu yana bayan ƙofar Bootham ta ganuwar garin, na jan bulo, hawa uku, ɗakin baƙi biyar kacal. Matattakalar ta karkace don tsufa, ƙofar ɗakinmu kuwa sai an sunkuya. Maigida bai sunkuya sosai ba. Ƙulun yana nan a goshinsa.

Da asuba na sha fama. Famfo biyu ne, ɗaya kamar a fige kaza, ɗaya ƙanƙara, haka na yi alwala ina tara hannu nan ina tara can. Katakon daɓen kuma duk sujada sai ya yi ƙara, har na fara jin kunyar mutanen ɗakin ƙasa.

Tsohuwar mai gidan ta burge ni. Tun daren jiya ta tambayi abin da ba ma ci, da safe sai ga ƙwai, wake, gasasshen tumatur da burodi, babu naman alade, babu baƙin abin nan nasu da ake yi da jini. Har ta ɗago kaskon ta nuna min, wai daban ta ware shi don irinmu.

Tana zuba min shayi na tambaye ta tagar da na gani daga waje an toshe ta da bulo. Ashe sosa mata inda ke ƙaiƙayi na yi. Ta ja kujera ta zauna. Wai da can a Ingila haraji ake biya bisa yawan tagogin gida, tun 1696 har aka soke shi a 1851, shi ne masu gidan na wancan lokacin suka toshe ɗaya don a rage musu. Yanzu kuma ko tana so ba ta isa ta buɗe ba sai da izinin hukuma, domin gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Ko sauran tagogin katakon da ke shigo mata da sanyi ba ta da ikon canza su yadda ta ga dama. "Gidan nan shi ke juya ni," in ji ta, tana dariya, amma kana ganin fuskarta ka san kirari take masa.

Sai ta ce, "Ke fa, gidanku na can gida, shekararsa nawa?"

Na ce, "Ai tsoho ne sosai." Na kurɓi shayi.

Ban ce mata babu shi ba. Ban ce mata shekara shida ke nan da Kawu ya tara mu aka raba gado, aka sayar, mai sayen ya kawo katafila ya jera shaguna ba. Zauren da Malam ke karantarwa, da azarar da ta yi baƙi ƙirin da hayaƙin fitila, da soron Inna mai sanyi ko a tsakiyar bazara, duk kwana biyu suka ɗauka. Kuma ina cikin waɗanda suka ce a sayar. Ni ce ma na fi kowa ɗaga murya, ina cewa gidan ƙasa wahala ne, duk damina sai yaɓe. Da kasona na biya kuɗin makarantar da ta kawo ni ƙasar nan. Ga ni yau na zaro fam na biya don in kwana a tsohon gidan wasu, har ina ɗaukar hoton tagar da ba ta buɗuwa.

Maigida ya gane. Bai ce uffan ba, sai ya turo min man shanu.

Da hantsi mun hau ganuwar garin, kilomita uku da ɗoriya, ba mu zagaye duka ba saboda gwiwata. Babban cocinsu da aka kammala a 1472, daga waje muka tsaya. Lungun Shambles cinkoso kamar kasuwar jajibirin sallah, ko maɓallin makulli ban saya wa Auta ba, za ta yi fushi.

A jirgin komawa na tura wa Hajiya saƙo, ko akwai wanda ke da hoton zauren nan namu. Ta maido da murya: "Wane irin hoto kuma? Wa ke ɗaukar zaure hoto? Ke dai kin ci abinci?"

Na ce na ci. Maigida ya yi barci tun kafin Doncaster, makullin ɗakinmu na gidan tsohuwar kuma yanzu na lalubo shi a aljihun rigar sanyina. Gobe sai gidan waya.