Inda aka kwana da majigin lesa: bango, duhu, zafi da wuta

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon harkar majigi a gida. Ga inda aikina ya kai nan Garwa ta arewacin Kamaru. Allo ya hau bango, labule ya hau taga, na'ura ta samu mazauninta, saura silin da maganar batir. Wanda bai sayi tasa ba tukuna ya ɗan dakata ya karanta, don yawancin wahalar da na sha ba a cikin na'urar take ba, a ɗakin take.

Tawa dai irin ƙananan nan ce masu fitilar lesa, hannu ɗaya ke ɗaukarta, a jikin kwali an rubuta 4K da manyan baƙi. To bari in fara da wannan 4K ɗin tunda shi ne abin da kowa ke tambaya. 4K na nufin ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wajen miliyan 8.3 kenan, shi kuwa 1080p ɗigo 1920 ne da 1080, miliyan 2 da 'yan kai. Galibin ƙananan majigin nan da fasahar DLP ta kamfanin Texas Instruments suke aiki, wani injiniyansu Larry Hornbeck ne ya ƙirƙiro ta a 1987, wato ɗan guntun silikon ne irin na cikin kwamfuta da aka jera masa ƙananan madubai, kowanne yana juyawa ya tura haske ko ya kawar da shi. Guntun da aka fi sakawa a ƙananan, mai inci 0.47, madubansa 1920 da 1080 ne kacal. Dabarar da suke yi ita ce akwai wani gilashi a gabansa da ke karkaɗawa yana gusar da hoton rabin ɗigo zuwa kusurwa huɗu, sau 240 a daƙiƙa, sai ido ya haɗa su ya ga miliyan 8 ɗin. Ni ban ɗauke shi yaudara ba, hoton ya fi 1080p tsafta ƙwarai, amma gara mutum ya san abin da ya biya wa kuɗi.

Kuma ko ma 4K ɗin gaske ne, sai ka zauna kusa za ka ci moriyarsa. Allon inci 100 faɗinsa santimita 221 ne, tsayi wajen 125. Raba 221 gida 1920, ɗigo ɗaya ya ɗara milimita ɗaya kaɗan, kuma lafiyayyen ido daga nisan mita 4 ya daina rarrabe abu mai wannan ƙanƙantar. Wanda ke zaune can ƙarshen falo wallahi da 4K da 1080p duk ɗaya ne a wajensa. Ni na ja tabarma da kujerun zuwa tsakanin mita 2 da rabi da mita 3, a nan ne kake ganin zaren rigar ɗan wasa da ciyawar fili ɗaiɗai.

Sai kuma me kake kallo da ita. Dekodar da muke kallon ƙwallo HD take bayarwa, finafinan Hausa da ke YouTube galibi 1080p ne ko ƙasa da haka, Netflix kuwa in ka ce sai 4K yana iya cinye maka har giga 7 a awa ɗaya, ku da kuka san kuɗin data a nan sai ku yi lissafi. Ni fim ɗin da nake so da kyau sai in sauke shi in zuba a filas, shi kenan.

Yanzu maganar bango, wadda ita ta fi cin lokacina. Da farko kai tsaye na haska a bangon falo, farin fenti ne mai ɗan sheƙi. Da rana in ka kalli bangon sai ka rantse sumul yake, amma da hasken majigi ya sauka a kansa duk wani tudu da rami da sawun cokalin magini sai da ya fito, musamman in kyamara na tafiya a hankali a kan sararin sama ko fuskar mutum, sai ka ga hoton na wucewa amma ƙurajen bangon na nan tsaye a waje ɗaya, kuma da zarar idonka ya kama su ba ka ƙara ganin fim ɗin. Sheƙin fentin ma ya yi wani farin tabo a tsakiya daidai inda hasken ke dawowa ido. Na sa mai fenti ya shafe wajen da garin nan da suke cike ramuka, muka bi da samfefa mai laushi, ina riƙe da tocila a jikin bango a kaikaice don ta nuna mana inda ya rage. Ya yi sauƙi sosai amma bai kai yadda nake so ba, ga wata tsaga da ke dawowa duk sanda bango ya sha zafi.

Daga nan na koma wajen kafinta. Firam muka haɗa na katako, cikinsa 221 da 125, da sanda biyu a baya don kar ya lanƙwashe, na ce masa lallai busasshen katako don ɗanye in ya sha iskar hunturu murɗewa zai yi. Yadin kuwa irin na labulen hana haske ne, mai fuska ɗaya kamar roba, fari marar sheƙi, ita wannan fuskar ce ke kallon majigi. Wajen ja akwai dabara: ka fara buga tsakiyar sama, sai tsakiyar ƙasa, sai tsakiyar hagu da dama, sannan ka riƙa fita zuwa kusurwa kaɗan kaɗan kana ja daidai, kamar yadda ake ɗaure fatar ganga. In ka fara daga kusurwa tattara za ta taru a tsakiya kuma ba ta fita. Gefen firam na naɗe shi da baƙin karan-miski faɗin yatsa huɗu, tela ya yanka min. Wannan baƙin gefen kar ku raina shi, yana shanye hasken da ya zarce, kuma ido na ganin hoton ya ƙara ƙarfi saboda yana da iyaka.

Abin da na fahimta a nan, kuma shi nake so masu farawa su riƙe: majigi ba ya haska baƙi. Inda hoto ke da baƙi, na'urar hana haske kawai take yi, abin da ka gani a wajen shi ne kalar allonka a cikin hasken da ke ɗakin. In ƙwan fitila na kunne ko rana na leƙowa ta taga, baƙinka ya zama toka-toka, ko na'urar miliyan nawa ce. Har hasken hoton kansa yana bugun farin silin da farin bango da tayil ya dawo kan allo ya wanke shi. Na gwada da hannuna, na rataya baƙin zane a bangon hagu da dama kusa da allo, na shimfiɗa darduma mai duhu a gaba, na tsayar da wani waje na dare a fim, fuskokin da ɗazu suka narke cikin toka sai ga su sun fito har da inuwar hanci. Kuɗin zanen nan bai kai na wayar HDMI ba.

Maganar haske kuma ku yi hattara da lambobin kwali. Ma'aunin da ake iya dogara da shi shi ne ANSI lumen ko ISO lumen, ana auna farin hoto a wurare 9 a kan allo a ɗauki matsakaici. Irin waɗanda ake jerawa a kasuwa an rubuta lumen dubu tara, dubu goma sha biyu babu ANSI a gaba, wannan lambar talla ce kawai, galibi ma ba lesa ba ne, LED ne da gilashin LCD guda ɗaya. Don ku gane tazarar, Nebula Capsule 3 Laser ta Anker mai girman gwangwanin lemo ANSI 300 aka rubuta mata kuma 1080p ce, Hisense C1 mai 4K kuwa 1600. Girman allo ma yana cin haske, inci 120 ya fi inci 100 fili da kashi 44 cikin ɗari, hasken nan guda shi za a shimfiɗa a kai. Shi ya sa na tsaya a 100 duk da yara na ta cewa a cika bangon gaba ɗaya.

Nisa kuwa lissafi ne mai sauƙi. Takardar tawa ta ce 1.2:1, wato ka ninka faɗin allo sau 1.2, 221 ya ba ni kusan mita 2.65 daga gilashin na'ura zuwa allo. Ku yi wannan lissafin kafin ku kira kafinta. Akwai majigin da ake ajiyewa dab da bango, tazarar taku ɗaya ko biyu, amma su haskensu daga ƙasa yake hawa a kaikaice, duk ƙanƙantar tudu sai ya yi inuwa, yadin da aka ja da hannu irin nawa da wuya ya gamsar da su. Sannan wannan gyaran kusurwa da na'urar ke yi da kanta in an ajiye ta a karkace, yana burgewa ranar farko, sai dai matse hoton yake yi a cikin guntun madubai, ɗigon da ka saya da tsada wasu sun tafi a banza, ga wani haske-haske mai siffar karkatacciyar ƙofa da ke ragewa a gefe. Na kashe shi, na sa kafinta ya yi min ɗan teburi daidai tsakiyar allo, na daidaita ƙafafun da guntayen kwali har layukan gwaji suka hau gefen firam.

Lesar kanta iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai shuɗiyar lesa guda wadda ke bugun wani faifai mai sinadarin fosfo ya ba da rawaya, daga nan a tace sauran kaloli, akwai kuma mai lesa uku, ja da kore da shuɗi, irin su JMGO N1 Ultra da ita C1 ɗin. Mai ukun kalarta ta fi cika, jan nan ja ne sosai, amma wasu na ganin wani ƙyalƙyali kamar yashi a kan hoton, masu tabarau kuma wani lokaci suna ganin ja-ja a gefen farin rubutu. DLP kuma akwai masu ganin walƙiyar bakan gizo in sun juya ido da sauri, ƙanwata na gani ni ba na gani ko kaɗan, majigin kamfanin Epson da ke amfani da LCD uku ba su da wannan. In da hali ka kai iyalinka su kalla kafin ka biya. Yara kuwa a ja musu kunne kar su leƙa cikin gilashin, in na'urar na da abin da ke rage haske idan mutum ya gifta a bar shi a kunne.

Ana rubuta wa fitilar lesa awa 20,000 zuwa 30,000, tsohon ƙwan majigi kuwa 'yan dubbai ne ka nemi sabo. Awa 20,000 in kana kallon awa 4 kullum ya haura shekara 13. To amma wannan lissafin ba da Garwa aka yi shi ba. Takardun galibi suna cewa kar zafin ɗaki ya wuce 35 ko 40, mu kuwa Maris da Afrilu kun san yadda ake ciki, 40 ɗin a inuwa ake wuce ta, 'yan uwa na Marwa da Kusiri da Njamena ba sai na faɗa muku ba. Shi ya sa na fasa rataye ta a sama, ƙarƙashin rufin kwano nan ne zafi ke taruwa. Tana ƙasa, da tazara ta kowane gefe, kuma da bazara sai bayan isha'i nake kunnawa, a yanayin rage haske, fankarta ma ta fi yin shiru. Ƙurar hunturu kuma ko da an ce wajen madubai a rufe yake, iska dole ta bi ta kan ƙarafan da ke sanyaya lesar, in suka toshe zafi ya ƙaru. Tela ya ɗinka mata riga, amma sai ta huce nake rufewa. Gilashin gaba ba na goge shi da bakin riga, ƙurar nan yashi ce tana karce shi, da ɗan famfon roba na masu kyamara nake hurewa tukun.

Wuta ita ce abin da nake kai yanzu. Wutarmu ta arewa galibi daga madatsar Lagdo take a kan kogin Binuwai, in ruwa ya ja baya da rani kowa ya san sauran zancen. Ɗaukewar ba ta dame ni kamar dawowar ba, don wani lokaci da ƙarfi take dawowa, saboda haka sitabilaiza na fara saya tun kafin yadin allo. Majigin da dekoda da sifika gaba ɗaya ba su wuce wat 200 ba a wajena. Batir mai 12V 100Ah a takarda wat-awa 1200 ne, amma irin na ruwa rabi ake ci in ana so ya daɗe, 600 kenan, cire abin da inbata ke ci, ka samu awa biyu da rabi ko kusa, wasa ɗaya har da ƙarin lokaci in Allah ya sa ba a kai fanareti ba. Inbatar nake nema mai ba da tsaftatacciyar wuta, ba irin masu arha da ke sa fanka gurnani ba.

Wani abu da na lura da shi a ƙwallo: tashoshinmu a 50Hz suke, wato hoto na sabuntawa sau 50 a daƙiƙa, wasu majigin DLP masu 4K kuwa komai sai sun mayar da shi 60, sai ka ga in an buga doguwar ƙwallo kyamara ta bi ta, hoton na ɗan tsalle-tsalle. Na kunna abin santsin motsi a mataki mafi ƙanƙanta ya rage, a fim kuma kashe shi nake yi don yana mayar da fuskoki kamar na wasan kwaikwayon talabijin. Sauti ta Bluetooth yana makara, baki ya motsa kafin magana ta iso, na koma waya.

Abin da ya rage shi ne silin. Mai gida ba zai yarda in yi masa baƙin fenti ba, uwargida ma ta ce falo ba kogo ba ne, don haka shawarar da muka tsaya a kai ita ce baƙin yadi mai faɗin mita ɗaya da rabi daga saman allo, a kan igiya biyu, a ja shi lokacin kallo a tattare shi da safe. Tela ya karɓi awo, ƙugiyoyin nake jira daga wajen maƙeri.