Daga ƙeya zuwa gadon baya

Talata, bayan isha'i.

Yau kwana 18 da yi wa Auta aikin cire ƙari a ka. Da asuba ni da Yaya, mahaifinta, muka tashi daga ƙauyenmu na gefen Ringim zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, don mu ji sakamakon hoton MRI da na ruwan da aka zuƙa daga bayanta.

Likitan ya zaunar da mu, ya yi mana bayani a tsanake, Allah ya saka masa. Sunan ƙarin medulobilastoma. A ƙeya yake tsirowa, sashen ƙwaƙwalwar da ke daidaita tafiya, kuma yara ya fi kamawa. Ashe tangaɗin nan da take yi, da aman asuba, da ciwon kai, duk shi ne. Mu kuwa wata huɗu muna cewa shawara ce, wasu na cewa iska. Abin nan yana cin raina har yanzu.

Sai ya ɗaga hoton, ya nuna mana ɗigo biyu can ƙasan laka. Ƙarin ya sauka.

Da muka dawo, Inna na zaune a kan tabarma da carbinta. Ta ce, "Malam, ba sun ce sun cire ba? Me ya kai shi baya?" Na rasa ta inda zan fara, sai na tuna fadama. Na ce, "Inna, kin san yadda ruwan ban-ruwa ke kwaso irin ciyawa daga saman gona ya zube shi a ƙarshen kwari? Ruwa ɗaya ne ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka, shi ya ɗauko irin." Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "To a bi kwarin duka."

Haka ma likitan ya ce. Za a gasa kan da gadon bayan gaba ɗaya da na'ura, kwana biyar a mako har kusan mako shida, a Zariya ko Abuja, sannan magungunan daji ta jijiya. Shekarunta bakwai, za ta iya ɗauka. 'Yan ƙasa da uku ake guje wa gashin saboda ƙwaƙwalwarsu ba ta yi ƙwari ba. Bai ɓoye mana ba cewa tsayinta na iya ragewa, karatu ma ya yi mata nauyi. Ni da nake koya mata lissafi a aji biyu, nan ne hawaye ya zo mini.

Yaya yana waje yanzu da fitila, yana ƙirga buhunan riɗi. Gobe zan kai bijimina kasuwa.