Kan Sarkin da Ya Jawo wa Baƙina Biyan Tara

A farkon 2021, lokacin da kan sarki na ajin farko, wato na wasiƙar da ake kaiwa da sauri, yake kwabo 85 a Birtaniya, na shiga gidan waya a Leeds na sayi guda ɗari, ina ganin na yi dabara. Hujjata ita ce ba a rubuta farashi a jikinsu ba, aji kawai aka rubuta, don haka kome tashin kuɗi darajarsu tana nan. Kuɗin kuwa ya tashi: kwabo 95 a Afrilun 2022, fam 1.10 a Afrilun 2023, sannan fam 1.25 a Oktoban shekarar. Duk ƙarin da aka sanar, sai in tuna da ajiyata a aljihun tebur in ji daɗi.

Abin da ban bi diddiginsa ba shi ne, tun Fabrairun 2022 hukumar aika wasiƙu ta Birtaniya, wato Royal Mail, ta fito da sababbi masu alamar ɗige-ɗige a gefe, wadda na'ura ke karantawa domin maganin jabu, kuma ta sanar cewa tsofaffin, wato masu kan Sarauniya Elizabeth kaɗai a launi guda, za su daina aiki. Wa'adin farko shi ne 31 ga Janairu 2023, aka ƙara wata shida zuwa 31 ga Yuli. Sanarwar ta cika gari, har ta ƙofar gidana an jefo mini takardarta, amma na haɗa ta da tallan abinci na zubar.

A Nuwamban 2023 aka yi mana haihuwa. Na buga katin suna, na liƙa wa ambulan arba'in tsohon kan sarki, na zuba a jan akwatin bakin titi. Kwana uku bayan haka wani dattijo da nake kira Kawu ya bugo waya daga Bradford, ya ce, "Ɗana, an kawo mini kati wai sai na biya kuɗi kafin a ba ni wasiƙa, ashe gayyatarka ce nake fansa." Da dariya ya faɗa, amma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. A ƙa'idarsu, wasiƙar da kan sarkinta ba ya aiki, wanda aka aika wa ne ke biyan tarar. Wasu sun biya sun yi shiru, wasu kuma ba su je karɓa ba, sai a masallaci suka ji labarin sunan. Ribar kwabo 40 da nake lissafi a kowane ɗaya, ta tafi a neman afuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gyaran kyauta ne. Akwai tsarin musanya: mutum ya cike fom, ya haɗa da tsofaffin, ya aika ba tare da biyan ko kwabo ba, a maido masa da sababbi na ajin da ya bayar. Sittin da suka rage haka na yi da su, kuma da na yi tun farko da babu wanda ya biya tara saboda ni.

Cikin fushi na kusa yin wata ɓarnar, domin na tattara har da na tunawa da na bikin Kirsimeti, masu hotuna, zan jefar. Ma'aikaciyar gidan waya ce ta tsayar da ni, ta ce waɗannan dokar ba ta shafe su ba, suna aiki ko babu alamar. Da su na aika wa mutum arba'in ɗin nan takardar ban haƙuri, bayan na sa ta duba kowace ambulan a gabana. Kawu dai har yanzu in mun haɗu sai ya tambaye ni ko akwai wata wasiƙar da zai tanadar wa kuɗi.