Yadda na kashe bakteriyar tafkin koi ɗina da hannuna

Wallahi farkon fara kiwon koi, kifin nan na Japan mai kala kala, da ruwan famfo nake wanke soson tace ruwa. Ashe a jikin soson ne bakteriya masu amfani suke zaune, su ke maida amoniya, wato dattin da kifi ke fitarwa mai guba, ta koma sinadarin naitirait, wasu kuma su maida shi naitiret wanda bai cika illa ba, kilorin ɗin da ke cikin ruwan famfo kuwa kashe su yake tas. Kusan sati 6 na yi ina canjin ruwa kaɗan kaɗan kafin su dawo, kifayen duk sun yi laushi abin tausayi.

Yanzu a bokiti nake ɗauraye soson da ruwan tafkin, injin tace ruwan kuma na haɗa shi da sola saboda ɗauke wuta, don bakteriyar nan sai da iska.