Abin da zaman kurame ya koya mana game da haske, kujeru da tafinta

Zaman farko da muka haɗa na kurame da masu raunin ji bai yi armashi ba, kuma ba don rashin mahalarta ba. Mun jera kujeru layi-layi kamar aji, muka tsayar da tafinta a gaban taga, muka kunna lasifika. Kafin minti arba'in rabin ɗakin sun koma hirarsu da hannu. Da aka tashi wata dattijuwa kurma ta nuna mana tagar, ta nuna fuskar tafintan, sannan ta rufe idanunta da tafin hannu. Hasken da ke bayansa ya mai da shi inuwa. Ita kuwa maganar hannu ba a hannu kaɗai take ba: ɗaga gira ko haɗe ta, motsin baki da karkatar kai su ke bambanta tambaya da labari, ko "eh" da "a'a". In fuska ta ɓace, rabin zancen ya tafi.

Tun daga ranar muke sa kujeru rabin da'ira, kowa na ganin kowa. Haske ya faɗo a fuskar mai magana, bayansa bango ne fili, babu zane, babu masu kai-komo. Tafinta na tsayawa dab da mai jawabi, da riga mai launi ɗaya wadda ta bambanta da launin fatarsa. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Shugaban zama ya nuna wanda zai karɓa, a ɗan dakata daƙiƙa biyu ko uku har idanu su koma kansa. Kuskuren da ya fi yi mana wuyar bari shi ne raba takarda ana ci gaba da bayani. Mai ji yana karatu yana saurare, kurma kuwa ido kaɗai ne ke yi masa aikin biyu. Yanzu in an raba takarda sai a yi shiru har kawuna su ɗago. In ana son hankalin ɗaki, a kashe fitila a kunna sau biyu.

Tafinta ɗaya ba ya isa zaman da ya wuce awa guda. Bayan minti 20 zuwa 30 gajiya na sa ya fara tsallake zance ba tare da ya sani ba, don haka biyu muke ɗauka suna karɓar juna. Muna ba su jerin batutuwa da sunaye da alƙaluma kwana biyu kafin zama. Muna kuma tambaya tun da wuri wace maganar hannu mutanen ke yi, domin akwai fiye da 300 a duniya; ta Amurka da ta Birtaniya ma ba sa fahimtar juna duk da Turanci ɗaya. Wanda bai shiga makarantar kurame ba sau da yawa alamun gida yake yi, waɗanda danginsa kaɗai suka sani. A nan kurma ɗan'uwansa ya fi kowane tafinta mai ji, sai mu sa shi a tsakiya ya riƙa miƙa zancen.

Sai kuma mutanen da muka kusa mantawa da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 na da raunin ji da ke buƙatar kulawa, kuma da yawansu jin ya ragu ne bayan sun girma, ba su iya maganar hannu ba. Tafinta bai amfane su da komai. Su hayaniya ce abokiyar gabarsu: fanka mai ƙara, amsa-kuwwar ɗaki mai bango da daɓe tsirara, da nisa. A buɗaɗɗen wuri, duk sanda nisa ya ninka ƙarfin sauti na raguwa da kusan desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti), kuma na'urar ƙara ji ta fi aiki cikin mita biyu. Muka rataya labule masu kauri, muka ajiye musu kujerun gaba, muka zaunar da mai saurin bugu a kwamfuta yana rubuta abin da ake faɗa a majigi da manyan haruffa. Ihu ba ya taimako. Yana murɗe siffar leɓe, kuma kunnen da ya lalace sau da yawa ƙara mai ƙarfi zafi take yi masa. In ba a gane ba, a sauya kalmomi maimakon maimaita su da ƙarfi.

Teburin duba na'urorin ƙara ji da muka ajiye a bakin ƙofa ya fi komai jan mutane. Mafi yawan na'urorin da ake kawowa a matsayin "ta mutu" ba su mutu ba. Ko dauɗar kunne ta toshe bakin, ko raɓa ta taru a bututu, ko an sa batirin da ba nasa ba. Batiran suna da lamba da launi: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska suke aiki, don haka in an ɓare takardar bayansu a jira minti ɗaya kafin a saka, kuma mayar da takardar ba ya tsayar da ƙarewarsu. Da dare a buɗe murfin batiri, a sa na'urar a gwangwani mai marfi da ƙwayoyin tsotse danshi. In tana fito, yawanci abin da ke zama cikin kunne ne ya yi sako-sako ko bututun ya bushe ya tsage. Ga yara ƙanana hakan na faruwa cikin 'yan watanni saboda kunne na girma. Batirin kuma a ɓoye shi daga yara, haɗiye shi na buƙatar asibiti nan take.

A fagen neman haƙƙi mun ɓata lokaci da dogayen wasiƙu masu buƙatu goma. Ba a amsa ko ɗaya ba. Da muka koma buƙata ɗaya, wadda ma'aikaci zai iya yi a makon nan, sai ƙofa ta buɗe. A wani asibiti abin da muka roƙa kawai shi ne a daina kiran suna da baki a layin ganin likita, a ba da lamba a ɗaga ta a allo, domin kurma kan wuni a benci an kira shi tun safe bai sani ba. Muna kafa hujja da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, sashe na 9 kan samun dama da na 25 kan lafiya. Muna kuma hana a mai da yaro tafintan mahaifiyarsa a gaban likita, don akwai abin da ba za ta faɗa ba yana tsaye.

Wa zai yi maganar? A taron ilimin kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya a 1880 malamai ne, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa a fitar da maganar hannu daga makarantu, kurame suka yi shekaru da dama suna ɗanɗana kuɗarsu. Shi ya sa a kowace ziyara kurma ke jagora, mu masu ji muna gefe. Jami'i zai juya ga tafinta ya ce "ka gaya masa". Tafintan namu ya san abin yi: ya fassara wannan ma yadda aka faɗa, ya sunkuyar da kai, har jami'in ya gaji ya dubi mai maganar.