Ni da ɗanyen karas a Jamus

Jama'a, ashe karas ma yana iya juya wa mutum baya! Ni da na tashi ina gaigayar ɗanyensa a Kano, shekaranjiya a nan Hamburg na ci guda ɗaya, kafin minti 5 leɓena ya kumbura, maƙogwaro sai ƙaiƙayi kamar na haɗiyi ƙaiƙayin gero.

Likita tana jin bayani sai ta tambaye ni ko ina fama da atishawa da jan ido a watan Afrilu. Na ce sosai ma, shekara 3 ke nan. Ta ce to, ƙurar furen wata bishiya ce mai farin ɓawo, Jamusawa na kiranta Birke. Sinadarin furotin da ke cikinta ya yi kama da na karas, tuffa da wani kayan lambu da ake kira seleri, shi ne garkuwar jikina take ruɗewa ta far musu gaba ɗaya. Dafuwa takan lalata shi, shi ya sa karas na cikin miya bai taɓa damuna ba, ko da yake ta ce wasu har dafaffen yana tayar musu. In numfashi ya fara sarƙewa kuwa, lambar agajin gaggawa ta 112 zan kira nan take.

Hajiyarmu da na faɗa mata a waya, dariya ta yi ta ce sanyin Turai ne.